Shaya Ba Ta Cikin Haɗari, In Ji Littafi

A zaman karatun da reshen ƙungiyarmu ya yi a farkon bazarar bana, wani matashi daga cikin sababbin mambobi ya karanta mana babi na farko na littafin da yake rubutawa. Labarin soyayya ne, kuma ba laifi, yaron yana da hannu. Sai dai ya kai mu wani wuri inda saurayi da budurwa suke zaune cikin lambu da la'asar sakaliya, iska tana kaɗawa, tsuntsaye kuma suna ta shawagi suna kuka mai daɗi. Da aka zo wajen sharhi sai muka ɗaga hannu muka ce, "Malam, waɗanne tsuntsaye ne?" Ya dube mu, ya dubi takardarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye dai." Aka fashe da dariya. Mu kuwa da muka ga wuri ya samu, sai muka ƙara masa da 'yar lacca, cewa marubucin kirki ba ya cewa itace alhali tsamiya yake nufi, ba ya kuma cewa tsuntsu alhali akwai kurciya, akwai hasbiya, akwai cilakowa da shamuwa.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Da aka tashi, yaron nan ya biyo mu har bakin titi, ya rusuna ya ce to wane tsuntsu ya kamata ya sa a lambun. Ba tare da wani tunani ba muka ce ya sa shaya, domin ba mu san tsuntsuwar da ta fi ta kyau da rana tsaka ba. Ya ce, "Mece ce shaya? A ina zan gan ta?" Muka buɗe baki za mu ce ya zo Unguwar Boro, bayan gidanmu, kowace safiya. Maganar ba ta fito ba. Mun tuna cewa rabonmu da ganin shaya a bayan gidanmu an fi shekara ashirin, mun kuma tuna dalili.

Ga mai karatun da bai san Kaduna ba, Unguwar Boro tana kudu da kogi, cikin ƙaramar hukumar Chikun, gaba kaɗan da Sabon Tasha, a kan hanyar Kachiya wadda ta wuce ta gaban matatar man nan da aka buɗe a 1980. Mu mun koma can ne a 1983, lokacin mahaifinmu yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya gaji da biyan haya, ya nemi inda ƙasa take da araha. A wancan zamani unguwar rabi gari ce rabi ƙauye. In ka bar bakin kwalta da taku ɗari biyu sai gonakin dawa da doya na Gbagyi, waɗanda su ne masu ƙasar tun kafin Lugga ya zaɓi wurin ya zama hedkwatar Arewa. Cikin gonakin nan kuwa itatuwa ne tsaye ɗaya-ɗaya, waɗanda manomi ya bari da gangan sa'ad da yake sharar gona: ɗorawa, kaɗanya, ɗinya, ɓaure, da maɗaci can bakin rafi.

Filin da mahaifinmu ya saya akwai wata tsohuwar ɗorawa a kusurwarsa ta gabas, wadda mutum biyu ba sa iya rungume ta. Dattijon da ya sayar da filin ya faɗa a gaban shaidu, ya ce, "Ƙasa na sayar maka, ban sayar maka da ɗorawa ba." Haka kuwa aka zauna. Kowace bazara matansa za su zo da dogayen gora su kaɗe 'ya'yanta, su ba mahaifiyarmu kwando guda, su tafi da saura su yi daddawa. Mu yara namu shi ne garin, mu sha har leɓunanmu su koma rawaya. A can sama, inda wani babban reshe ya taɓa karyewa ya bar kogo, nan ne gidan shaya.

Kakarmu, mahaifiyar mahaifinmu, Bakanuwa ce, takan zo ta yi wata biyu ko uku a wurinmu. Ita ce ta gaya mana sunan. Ta ce wasu kan ce tsakwaikwaiwa, amma su a gidansu shaya suka sani. In tsuntsuwar ta sauko bakin rijiya shan ruwa sai Kaka ta ce, "Ku zo ku ga mai ɗan Kura." Ba mu gane abin da take nufi ba sai bayan shekaru, ranar da muka ga wani basarake da rawanin nan na Kura wanda aka rina da baba, aka zuba masa shuni, aka buge shi a mabuga har yana ɗaukar ido. To haka jikin shaya yake. Kai da ƙirji shunayya, baya da fukafukai kore mai walƙiya, jela gajera, ga wani ƙaton ido ruwan ɗorawa da take zare wa mutum kamar ta kama shi yana sata. Girmanta kusan na kurciya, masana sun auna sun ce takan kai santimita 27 daga baki zuwa jela. Murya dai kam ba ta da ita. Surutu ne kawai da ƙara da 'yar fito, musamman in sun taru su ashirin ko talatin a kan ɓaure lokacin da ya nuna. Da yaron nan ya sa ta a lambunsa, da masoyan ba su ji maganar juna ba.

Ba za mu ɓoye ba, mun kashe ta. Wane yaro ne a lokacin ba ya yawo da danƙo a aljihu? Akwai ranar da ƙanenmu ya sami ɗaya a fiffike, muka ɗauko ta a guje muka shige ɗaki don kada Kaka ta gani. Abin mamaki, da muka rufe ƙofa sai muka ga tsuntsuwar baƙa ce wuluk, ba shuɗi ba kore. Muka fito da ita rana, launi ya dawo. Muka koma ɗaki, ya tafi. Tsoro ya kama mu, muka ɗauka aljana muka harbo, muka je muka jefa ta a masai. Sai da muka girma muka karanta cewa babu wani rini shuɗi ko kore a gashin shaya ko kaɗan. Abin da ke ciki shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi baƙaƙe, waɗanda ido ba ya gani, an jera su hawa-hawa cikin kowane silin gashi, in hasken rana ya faɗa musu sai su karya shi su maido da wani launi su haɗiye wani, kamar yadda bakan gizo ke fitowa a kan ɗigon man fetur cikin kwata. Shi ya sa in ta juya wuya launin ke sauyawa. Wato dai ado ne na aro, rana ce mai kayan.

Bayan wannan zama na ƙungiya mun ga ya kamata mu koma littattafai, don kada mu sake tsayawa gaban yaro da baki buɗe. Abin da muka fara ganowa shi ne, wannan suna guda da Kaka ta ba mu, masana sun raba shi gida-gida. A tsarin da Linniyas, mutumin Suwidin, ya kafa a 1758, kowace halitta tana da suna biyu na Latin, na gida da na yanka. Tamu mai ƙaton ido sunanta Lamprotornis purpureus. Sunan farkon daga Girkanci aka ƙera shi, ma'anarsa tsuntsu mai ƙyalli, kuma wani Baholande mai suna Temminck ne ya raɗa wa gidan a 1820. Na biyun kuwa, wato mai launin shunayya, wani Bajamushe ne, Statius Müller, ya sa mata shi a 1776, bisa bayani da zanen da Faransawa suka yi na wadda aka samo daga Wida, a gaɓar tekun ƙasar Binin ta yau. Bawan Allahn nan bai taɓa jin surutunta a kan ɓaure ba, har ma da farko cikin wani gidan tsuntsaye daban ya jefa ta, sai daga baya aka gyara. Amma sunansa ne ke manne da nata a kowane littafi na duniya har gobe, na Kaka kuwa ko a unguwarmu ya ɓace.

Gidan nan na masu ƙyalli yana da iri fiye da 20, dukkansu 'yan Afirka, kuma reshe ne na wani babban dangi da ake kira Sturnidae, mai iri fiye da 110 a Afirka da Turai da Asiya da tsibiran teku. A ƙasarmu ta Arewa kaɗai akwai huɗu da suka yi kama ƙwarai, har wanda ya ƙware ma sai ya sa tabarau mai jawo nesa kafin ya rantse: tamu, da chalybaeus, da chloropterus, da chalcurus. Bambancin yana wajen girman ido, da launin jela, da wani duhu da ke bayan ido. Sa'an nan ga mai doguwar jela, caudatus, wadda ba ta ɓuya, ga kuma pulcher mai jan ciki, wadda mutanen Kano da Katsina da Maraɗi suka fi mu sani, don ta fi son ƙasa mai ƙaya da rairayi. Carki ma, wanda ke bin bayan shanu yana cire musu kaska, an daɗe ana lissafa shi cikin dangin, sai da binciken ƙwayoyin halitta na farkon ƙarnin nan ya nuna tun da daɗewa ya raba gari da su, aka ware masa gidansa shi kaɗai.

Kada mai karatu ya ɗauka muna raina wannan aiki, ko kuma muna cewa na Bahaushe ya fi. Kowanne da abin da ya sa a gaba. Manomi ya dubi abin da ke ci masa ɓaure yana ƙyalli, ya ba shi suna guda, ya wadatar. Masani yana son ya san wa ke auren wa, wa ya haifi wa. Abin da ya dame mu shi ne, shi masani ya rubuta nasa ya adana, Bannerman ya cika mujalladi 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951, Elgood ya jera na Nijeriya a 1982, mu kuwa namu sunayen, in ban da abin da Bargery ya tsinta ya zuba a ƙamusunsa na 1934 da waɗanda suka biyo bayansa, a bakin tsofaffi muka bar su. Tsofaffin kuwa ba su jira mu ba.

Game da mazauninta, littattafai sun ce tana nan tun daga Senegal har zuwa Sudan da yammacin Kenya, cikin dajin da itatuwa suke a warwatse, da gonaki, da gefen gari. Tana cin 'ya'yan itace, ɓaure da na darbejiya da makamantansu, tana kuma sauka ƙasa ta bi fara da tururuwa, ranar da shinge ya tashi kuwa ranar sallarta ce. Duk wannan mun sani tun muna yara. Abin da ba mu taɓa kawowa a rai ba shi ne maganar sheƙa. Shaya ba ta saƙa sheƙa ta rataya a reshe kamar yadda wasu tsuntsaye ke yi, ba ta kuma iya fafe itace da bakinta. Dole sai ta sami kogo wanda yake nan tun da, ko inda reshe ya karye ya ruɓe, ko ramin da wani tsuntsu mai ƙwanƙwasar itace ya haƙa ya bari. Nan za ta shimfiɗa ciyawa da ganye ta yi ƙwai biyu ko uku a farkon damina. To, kogo kuwa ba ya samuwa a jikin ƙaramin itace. Sai itace ya tsufa, ya sha iska da gobara da gatari, ya yi shekara hamsin ko fiye. Saboda haka mutum yana iya sare tsohuwar ɗorawa guda ya dasa mangwaro goma a madadinta, ya ce ya biya bashi, alhali ga shaya bai bar mata komai ba sai wurin hutawa. Jikokinsa ne, in an bar mangwaron, za su ga kogo.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya hana maganar nan fita daga bakinmu a bakin titi. Kowa ya san abin da ya sami Kaduna a watan Fabrairu na 2000, da wanda ya biyo baya a watan Mayu, da kuma na Nuwamba 2002. Ba shi ne zancenmu a nan ba, kuma waɗanda suka rasa 'yan'uwa ba sa bukatar mu tuna musu. Abin da ya shafi wannan rubutu shi ne, bayan ƙura ta lafa gari ya rabe biyu, kogi ya zama iyaka, kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi ɓangaren da yake jin zai iya barci. Maƙwabtanmu na shekara goma sha bakwai suka haye arewa, wasu da ba mu taɓa gani ba suka hayo kudu, dubbai. Sabon Tasha ta cika ta tumbatsa, ta malalo Unguwar Boro, ta wuce Kamazo da Mahuta. Gonakin doya suka koma fuloti, fuloti ya koma bulo da kwano. Mutumin da ya tsira da ransa da 'ya'yansa, yana neman inda zai kafa ɗaki biyu kafin ruwa ya sauka, ba ka da bakin ce masa ya dubi kogon itace. Ba mu ce masa ba, ba ma mu yi tunanin faɗa ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma masaƙun Kakuri suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda mahaifinmu ya ba ƙuruciyarsa ta sallame su, haƙƙinsu kuwa aka yi ta sa musu rana. Ga ƙanne a makaranta, ga tsoho da hawan jini. Mu ne babba, mu ne kuma muka kawo shawarar a fasa katangar gabas a gina shaguna uku a ba da haya, tun da yanzu hanya ta biyo ta nan. Ɗorawa ce ta tsaya a tsakiyar shago na biyu. Muka je wurin dattijon nan, lokacin ya makance, muka durƙusa muka ce, "Baba, mun zo neman alfarma ne a kan itacenka." Ya yi shiru ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Yarana, matan da ke kaɗe ta ɗaya ta mutu, ɗaya ba ta iya ɗaga gora. Ku ba ni abin da kuka ga dama." Abin da muka ba shi bai kai kuɗin buhun siminti biyar ba.

Ranar wata Asabar ce cikin watan Mayu na 2004. Mai inji ya zo da yaransa biyu, kafin azahar an gama abin da aka yi shekara wajen ɗari ana ginawa. Da suka zo daddatsa babban reshen, sai ɗaya daga cikin yaran ya zura hannu a kogo ya fito da 'yan tsaki biyu, ko gashi ba su gama yi ba, ɗaya ya riga ya mutu, ɗaya yana buɗe baki. Mahaifiyarmu tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba tun safe, sai a lokacin ta ce, "Da kun bari sun tashi." Muka ce, "Mama, an riga an biya mai inji." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Kwana uku iyayen suna zuwa, su yi ta kewaya sararin da itacen yake a da, su sauka a kan tarin bulo da abinci a baki, su tashi. A rana ta huɗu ba su zo ba. Itacen kuwa masu gawayi suka saya. Shagunan suna nan, su suka yi wa ƙannenmu biyu karatu har jami'a, su suka sayi maganin tsoho har ya koma ga Mahaliccinsa. Da za a maido mu wannan rana, ba mu da tabbacin za mu yi dabam. Abin da muka tabbata kawai shi ne za mu jira wata guda.

Da wannan nauyi a zuciya muka je duba matsayinta a babban kundin duniya, wanda ƙungiyar IUCN, mai hedkwata a ƙasar Suwizalan, take tsarawa tun 1964. Kundin ya kasa halittu mataki-mataki, tun daga waɗanda babu damuwa a kansu, zuwa waɗanda suka kusa shiga haɗari, da masu rauni, da waɗanda ke cikin haɗari, da waɗanda ke bakin ƙarewa, har zuwa waɗanda suka ƙare ƙaf. Shayarmu tana matakin farko, ita da sauran 'yan'uwanta da muka lissafa. Babu damuwa. Muka karanta, muka sake karantawa, muka ji wani abu mai kama da sanyi, wani kuma mai kama da an mare mu.

Kundin bai yi ƙarya ba, wannan ya kamata a faɗa. Yana da ma'auni, kuma ma'aunin a fili yake. Kafin a ce tsuntsu yana da rauni, sai an ga yawansa a duniya baki ɗaya ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara goma ko a zuriya uku, ko kuwa duk ƙasar da yake zaune ba ta kai murabba'in kilomita 20,000 ba tana kuma ƙanƙancewa, ko balagaggunsa ba su kai 10,000 ba suna kuma raguwa. Tsuntsuwar da ta bazu daga Dakar har Kenya ina za ta faɗa wannan tarko? Ana iya share ta daga Unguwar Boro, da Narayi, da Barnawa, da Kaduna gaba ɗaya, allurar ma'aunin ba ta motsa ba. Tambayar da kundin ke amsawa ita ce ko za a rasa irin a bayan ƙasa. Tambayar yaron nan kuwa, a ina zan gan ta, ba a gina kundin don ita ba.

Sai dai akwai wani abu da ya hana mu kwantar da hankali ko a kan ita tambayar ta farko, shi ne angulu. Duk wanda ya yi wayo a Kaduna kafin 1990 ya san yadda take cika mayanka da bayan kasuwa da kan rufin kwano, har ta zama abin zagi da karin magana. Wa ya taɓa tunanin ƙirga angulu? Ita ma a wannan mataki na babu damuwa take zaune shekara da shekaru. Ba a farga ba sai a 2011 aka ɗaga ta zuwa cikin haɗari, a 2015 kuma aka kai ta bakin ƙarewa, bayan an ƙiyasta ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a zuriya uku, saboda guba, da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Mahauta sun riga kundin sani da shekaru masu yawa, sai dai ba wanda ya tambaye su, su ma ba su rubuta ba. Yau akwai yara a Sabon Tasha da suke jin ana cewa an yi musu angulu da kan zabo, ba su taɓa ganin angulun ba.

Dangin shaya a wasu ƙasashe sun ga iri-irin wannan. Akwai wata fara a tsibirin Bali na Indunusiya wadda kyanta ya ja mata, masu sa tsuntsu a keji suka yi ta kamawa har a 2001 waɗanda suka rage a daji ba su kai 10 ba. Akwai kuma ta Turai, wadda aka saki guda 60 a birnin New York a 1890, ta hayayyafa ta zama miliyoyi ta addabi manoman Amurka. Amma wadda ta fi ba mu tunani ita ce wannan ta Turai ɗin a gidanta na asali. A kundin duniya babu damuwa a kanta, daidai da tamu. Duk da haka mutanen Ingila sun sa ta a nasu jan kundin na ƙasa tun 2002. Me ya sa? Domin suna ƙirgawa. Tun 1979, kowane watan Janairu, talakawan gari kan zauna awa guda a bayan gidajensu su rubuta tsuntsayen da suka sauka, su aika. Da haka aka ga wannan tsuntsuwa ta ragu a bayan gidaje da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba wani boka ba ne ya gaya musu, littafin rubutu ne da fensir, shekara bayan shekara.

Mu ma an fara, ko da yake a makare. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, duk mai sha'awa yana iya shiga gida guda da wayarsa ya rubuta abin da ya gani ya tura. Samari da 'yan mata da yawa daga jami'o'in Arewa sun shiga, kuma abin a yaba ne. Amma ko wannan raga idonta ya yi faɗi ga abin da muke magana. In an ga shaya guda a wata makabarta ko bayan wata ma'aikata, gidan nan duka ya sami shaida, ba wanda zai san akwai wata ɗorawa a kusurwar gabas ta wani gida da aka sare da 'yan tsaki a ciki. Irin wannan labari ba shi da gurbi a taswira. In yana da gurbi a wani wuri, to a irin shafukan nan namu ne, mu da muke cika lambunanmu da tsuntsaye dai.

Mun yi wa yaron alkawari za mu nuna masa ita, don haka muka sa Asabar huɗu a jere, da sassafe. Ba mu yi nisa a hanyar Kachiya ba, shekarun satar mutane sun koya wa kowa inda zai tsaya. Asabar ta farko muka zaga Unguwar Boro lungu-lungu, muka ga kurciya, da gwara, da hankaka a kan bola, da balbela a bakin kwata. Itatuwan da suka rage mangwaro ne da gwaiba da 'yan darbejiya sababbin dashe. Ta biyu da ta uku ma haka, sai dai shirwa da ta ƙaru. Yaron ya fara yi mana wani irin kallo, irin wanda ake yi wa tsoho in ya fara ba da labarin kura a bayan gari.

A ta huɗu wani mai sayar da itacen girki ya ce mu gwada wata tsohuwar makarantar firamare can wajen Mahuta, akwai babban ɓaure a bayan azuzuwa. Muka isa rana ta ɗan ɗaga. Tun daga bakin ƙofa muka ji surutun, gabanmu ya faɗi kamar an kira sunanmu na yara. Su biyar ne. Ɗaya ta sauko ƙasa kusa da famfo, cikin inuwa. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ai baƙa ce." Muka ce, "Jira ta fito rana." Ta yi tsalle biyu, ta fito, ta juya wuya. Bai ce komai ba. Can sai ya laluba aljihu ya fito da biro, ya rasa takarda, ya shiga rubutu a tafin hannunsa. Da ya gama ya ce wacce ce daga cikin huɗun da muka gaya masa. Muka ce ya dubi idon. Ya ce ƙato ne, rawaya. Muka ce to ita ce, mai ɗan Kura.

Muna shirin fita muka lura da tifa biyu na yashi da aka juye a gindin ɓauren, da layin bulo an jera an rufe da leda. Muka gai da maigadi, muka tambaye shi. Ya ce yara sun yi yawa, aji guda mutum casa'in, za a ƙara azuzuwa uku ta nan baya. Muka ce da itacen fa? Ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce shi dai ba a gaya masa ba, amma ya ji an ce sai bayan damina za a fara.